Wasiƙa: Yadda Muka Haɗa wa Yaro Kayan Barde da Ƙwarya da Buhun Albasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in bayyana wani abu da ya faru a gidana a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, domin na tabbata akwai iyaye da dama da irin takardar da makaranta ta aiko mini ta taɓa iske su, ko kuwa tana nan tafe.

Makarantar firamaren da ɗana mai shekara 7 yake zuwa ta shirya wasan kwaikwayo don bikin ƙarshen shekara, aka ce shi ne zai fito a matsayin barde, wato mayaƙin doki. Ya dawo gida da takarda wadda aka manna wa hoton wani barden Turai na zamanin da, sanye da ƙarfe tun daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa, ba abin da ake gani nasa sai wata 'yar tsaga a daidai idanu. A ƙarƙashin hoton an nemi iyaye su tanadi irin wannan shiga cikin mako 2, har aka kwatanta mana kantin da ake sayar da ita. Na je na gani. Roba ce sakayau da aka shigo da ita daga waje, aka fesa mata launin azurfa, kuma kuɗin da aka yanka mini ya isa cefanen gidana na kwanaki masu yawa, alhali abin da za a sa na awa ɗaya ne a tuɓe. Na yi wa mai kanti godiya na fito, na ƙudura a raina cewa da hannuna zan haɗa.

Yunƙurina na farko bai yi kyau ba, kuma ina ganin faɗin kuskuren zai fi amfanar mai karatu a kan ɓoye shi. Na samo kwalayen taliya guda 3, na ajiye hoton a gabana, na yi ta yanka da reza ina kwaikwayon abin da nake gani: allon ƙirji, allon baya, bututu biyu na hannuwa, biyu na ƙafafu, da wani akwati mai tsaga na rufe kai. Na kwana biyu ina fama. Da aka zura wa yaron, sai ya tsaya ƙiƙam a tsakar gida, hannuwa a baje, ba ya iya zama, ba ya iya sunkuyawa, ba ya ganin ƙafafunsa. Kafin a yi minti 10 gumi ya jiƙa kwalin ta hammata, ya yi laushi ya yage. Mahaifiyata, wadda take zaune a kan tabarma tana gyaran zogale, ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Yau kuma angon nawa aka sa a akwati? Wa zai kai shi tasha?" Yaron ya fashe da kuka, ƙannensa suka fashe da dariya.

Daga baya na gane cewa laifin ba na kwali ba ne kaɗai. Shigar da ke cikin hoton ta ƙarshen zamanin baraden Turai ce, wadda ba ta kankama sosai ba sai a ƙarni na 15. Nauyinta yakan kai kilo 20 zuwa 25, amma mai ita yana tafiya yana hawa doki ba tare da wahala ba, saboda maƙera ne suke ƙera ta gaɓa-gaɓa bisa awon jikinsa, su haɗa fallayen ƙarfen da ƙusoshi da maɗaurai na fata yadda kowane falle zai zame a kan ɗan'uwansa idan an lanƙwasa gwiwa ko kafaɗa. Wannan ƙira ce ta ƙwararru, ba abin da uba zai kwaikwaya da reza a daren Asabar ba. Kafin wannan zamani kuwa, ɗaruruwan shekaru baraden Turai rigar zobban ƙarfe suke sawa. Mahayan Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, da suka ci Ingila da yaƙi a 1066 da ita suka fita, kuma a ƙarƙashin irin wannan riga akan sa wata mai kauri da aka cusa wa tsumma ko gashin tumaki aka bi ta da ɗinki, don ta tare zafin sara. Duk Bahaushen da ya ji wannan kwatance ya san sunayen abubuwan nan biyu ba sai an fassara masa ba: sulke ne da lifidi.

Hajiya ce ta fara ambaton su a daren. Bayan ta lallashi jikanta, sai ta juyo ta ce da ni, "Kai da aka goya ka zuwa kallon hawan Daushe, yau kai ne kake neman kamannin barde a takarda?" Na rasa amsar da zan ba ta. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kanawa. A 1823, lokacin da Baturen nan Dixon Denham ya isa Kukawa, dakarun Shehun Borno Muhammad al-Kanemi ne suka tare shi a kan dawakai, sanye da sulke daga wuya har gwiwa. Har gobe Barde sarauta ce a masarautunmu, kuma har gobe 'yan lifida da 'yan sulke suna cikin ayarin sarki a ranar hawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da take karramawa. Amma ɗana, wanda aka haifa a Kano, bai taɓa ganin ɗan lifida da idonsa ba. Lokacin da aka dakatar da hawa saboda annobar korona a 2020 yana ƙarami, da ya yi wayo kuma sai aka sake dakatarwa a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilan tsaro. Barden da ya sani shi ne na cikin wayar mahaifiyarsa.

Saboda haka muka ajiye hoton, muka koma kan abin da Hajiya take iya kwatantawa dalla-dalla, kuma a nan ne na ga wani abu da ban zata ba: kayan barden ƙasarmu sun fi dacewa da abin da ke cikin gidan Bahaushe, domin tun asali yawancinsu da yadi da auduga da fata ake yin su.

Lifidi ya fi komai cin lokaci, shi ne kuma ya fi komai kyau. Na ainihi da audugar rimi ake cusa shi, a yi wa mahayi, a yi wa dokinsa har ya rufe ƙirji da cinyoyi. Uwargida ta fito da tsoffin zannuwa biyu da suka koɗe, ɗaya ja ɗaya mai ruwan ɗorawa. Ta shimfiɗa rigar makarantar yaron a kai ta zana da alli, ta ƙara faɗin tafin hannu a kowane gefe, domin ɗinki da cusa suna cinye yadi, ta kuma bar tsawon ya sauko har saman gwiwa. Ta yayyanka zannuwan murabba'i-murabba'i ta harhaɗa su launi bayan launi, kamar yadda ake ganin lifidin fada, sannan ta yi shafi da wani farin ƙyalle. Audugar kuwa daga wani tsohon matashi muka farke, muka shanya ta a rana wuni guda, muka bubbuge ƙurar. Dabarar da Hajiya ta koya mana ita ce kada a cusa audugar gaba ɗaya sannan a ɗinke, domin za ta gangara ta taru a ƙasa kamar tumbi. Sai dai a fara yin layukan ɗinki daga sama zuwa ƙasa, tsakanin kowane layi da na kusa da shi kamar faɗin yatsu 3, a sami dogayen aljihuna, sannan a riƙa tura auduga kaɗan-kaɗan da sillen kara, duk bayan taƙi ɗaya a gitta ɗinki a tsare ta. Ba mu yi masa hannuwa ba, ba mu kuma ɗinke gefunan ba, sai muka sa igiyoyi bibbiyu na ɗaurewa a kowane gefe, don iska ta riƙa shiga. Duk wanda ya san zafin Kano, inda a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, ya san cewa yaron da aka naɗe da auduga mai kauri ba zai kai ƙarshen wasa a tsaye ba. Kaurin namu bai wuce na ɗan yatsa ba.

Sulke kuwa buhun albasa ne, irin mai raga-raga. Na wanke shi da sabulu sau biyu don warin ya fita, na yanke ƙasansa, na huda wuya da hammata, uwargida ta bi bakunan da ƙyalle saboda zaren robar yana da kaushi, yana kuma warwarewa idan an bar shi haka. A kan lifidin ake ɗora shi, ba a kan fata ba. Matsalarsa launi ce, domin ja ne. Na kwaɓa toka da garin gawayi da talgen rogo na shafa, ya bushe ya yi kyau ƙwarai, yaron yana motsawa sau biyu duk ya kakkaɓe a ƙasa. A ƙarshe sai da na sayi ƙaramin gwangwanin fentin azurfa irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe, kuma shi ne kaɗai abin da na fitar da kuɗi na saya a duk aikin. Na shafa a waje, na rataye buhun a igiyar shanya kwana 3 har warin ya tafi gaba ɗaya. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in yi amfani da tsohon gidan sauro tunda fari ne, na ƙi, domin yawancin gidajen sauron da ake rabawa da maganin kashe ƙwari a jikin zarensu, kuma ba a yi su don yaro ya sa a jiki yana gumi ba.

Kwalkwali bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Akwai wata ƙaramar ƙwarya da bakinta ya tsage, Hajiya ta daɗe tana cewa za ta kai a ɗinke. Muka kifa masa a kai, ta zauna daidai. Na goge bakin da dutse don kada ya yanke shi, na liƙa tsumma mai laushi a ciki, na lulluɓe bayan da ledojin madarar gari da muka farke muka juyo cikinsu mai sheƙi, na huda tsakiya na soka gashin zabo guda 6 da aka ɗaure wuri ɗaya, a madadin gashin jimina da ake ƙawata na fada da shi. A baya muka rataya guntun buhun da ya rage don ya rufe ƙeya. Fuska a buɗe muka bar ta, kuma a nan ma kwalkwalinmu ya fi na cikin hoton dacewa da yaro, tunda zai hau dandamali mai matakala, yana buƙatar ya ga inda yake sa ƙafa. Igiyar haɓa da zaren saƙa marar ƙarfi muka yi ta, yadda in wani ya fizge ƙwaryar ta baya zaren zai tsinke maimakon ya shaƙe shi.

Garkuwa faifai ne, aka lulluɓe da guntuwar tsohuwar jakar fata, aka ɗinka madauki biyu a ciki da basilla. Takobi kuwa a nan kwalayen taliyar suka yi rana: falle 3 na manna da talge, na gitta na tsakiya yadda layukan cikin kwalin ba za su bi hanya ɗaya ba, abin da ya hana shi lanƙwashewa, na danne da turmi ya kwana, na kuma zagaye tsinin ya zama dakusasshe. Aka yi masa kube da hamila ta jan ƙyalle, ya rataya a kafaɗa kamar yadda mahayanmu suke yi. Mashi karan dawa ne da kan kwali. Na hana a kawo ƙusa ko waya ko yankakken gwangwani kusa da aikin, duk da cewa yayansa ya so a yi kan mashin da murfin gwangwanin tumatir don ya yi ƙyalli. Na kuma kafa doka cewa ba mai zuwa kusa da murhu da kayan nan a jiki, saboda auduga da zaren roba ba sa jinkirin kama wuta.

Da aka gama sai yaron da kansa ya ce barde ba ya tafiya a ƙasa. Wannan bai buƙaci shawarar kowa ba, domin babu namijin da ya tashi a ƙasar Hausa bai hau dokin kara ba. Na zaɓi kara mai kauri, na lanƙwasa kansa na ɗaure da tsumma ya zama linzami, uwargida ta yi masa ɗan lifidinsa da ragowar yadi. Ina cikin ɗaurawa na tuna rabona da yin dokin kara ya fi shekara 30, amma hannuna bai manta ba.

Ya Edita, a nan ne nake da magana da malamanmu, kuma cikin girmamawa nake yin ta, domin na san ɗawainiyar da suke yi da 'ya'yanmu. Ban ce kada a koya wa yara labarin baraden Turai ba. Ilmi ne, kuma ni kaina sai da na bi labarinsu sannan na daraja namu yadda ya kamata. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a miƙa wa uba hoto da kwatancen kanti, a mayar da wasan yara gasar aljihun iyaye. A ranar bikin na ga yara 4 sanye da roba iri ɗaya sak, na kuma ji cewa akwai yaron da bai zo ba sam, saboda mahaifinsa bai iya saya ba, shi kuma ya ji kunyar fitowa haka. Da an ce kowane yaro ya haɗa nasa da abin da ke gidansu, an kuma ware darasin sana'ar hannu na mako biyu don a fara aikin a aji, da babu wanda zai zauna a gida. Gidan Makama yana nan kusa da fadar sarki, inda ake adana kayan tarihin Kano, kuma kai ɗalibai can bai kai kuɗin rigar roba ɗaya ba idan aka raba a kan iyaye.

Mu iyaye ma muna da namu laifin. Haɗa kayan shiga da tarkacen gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan azumi ya kai kwana 10 yara suka fara tashe, wa yake saya musu kaya? Gemun tsoho da auduga ake yin sa, rawani da tsohon zane, tumbi da tsumma, ganga da gwangwani, fuska kuma a shafa mata gawayi ko farar ƙasa. Mu da muka ƙera motoci da totuwar kara da langa-langa, mu ne yau muke ganin abin da ba a sayo a kanti ba bai isa a fita da shi gaban jama'a ba. Ni kaina sai da tsadar kaya ta koro ni sannan na waiwayi abin da na iya tun ina yaro, kuma ban faɗi haka don alfahari ba.

Abin da aikin ya jawo a cikin gida ma ya isa a ambata. Dare 6 muka yi muna zama bayan sallar isha'i, ba wanda ya nemi waya. Yaron ne ya riƙa tura auduga da sillen kara, ƙanwarsa tana miƙo zare, Hajiya tana ba su labarin yadda mahaifinta yake ɗora ta a kafaɗa a Ƙofar Kudu don ta hango dawakai, da ƙarar kakaki da algaita da tambura, da yadda mahaya suke sukuwa su zo gaban sarki su ja linzami su ɗaga hannu su yi jinjina. A cikin waɗannan darare yaron ya koyi kalmomin da babu su a littafin makarantarsa, irin su likkafa da ƙaimi da hamila da kube, ya kuma yi ta tambayar dalilin da ya sa ake sa wa doki riga, har sai da na bayyana masa cewa kibiya mai dafi ita ce babbar barazana ga mahayi da dokinsa, kuma audugar da aka cusa tana riƙe kan kibiyar kafin ya kai ga fata.

Ranar biki na ɗan ji fargaba, domin ban sanar da malamarsu cewa mun sauya fasali ba. Da ya fito daga bayan labule a kan dokin karansa, gashin zabo yana rawa a kan ƙwarya, sai wani dattijo a layin gaba, wanda ya zo kallon jikarsa, ya miƙe tsaye ya dunƙule hannu ya ɗaga ya ce, "Ranka ya daɗe, Barde!" Yaron, wanda Hajiya ta riga ta koya masa abin yi, ya ja linzami ya tsaya cak ya ɗaga mashinsa. Zauren ya ɗauki tafi. Gashin zabo biyu sun faɗi kafin a gama, kuma ledar madarar ta ɗaye ta gefen hagu, abin da ya nuna mini cewa talge ba ya riƙe leda a kan ƙwarya yadda ya kamata. Wanda zai gwada ya huda ƙananan ramuka a bakin ƙwaryar ya ɗinke ledar da zare. Bayan an tashi malamar ta same ni ta ce, "Baban yara, ina kuka sayi wannan?" Na ce mata a ɗakin girki.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarku ta tura wakili wurin masu ɗinka lifidi da dukawa masu yin kayan doki a cikin birni da Kasuwar Kurmi, a ɗauko bayanin yadda suke awo da yanka da cusawa, a buga shi da hotuna a shafin yara kafin lokacin bukukuwan makarantu ya zagayo, domin iyaye da malamai su sami abin dubawa wanda ya fi kwatancen da na yi a nan inganci. Lifidin namu yanzu yana wurin ɗan maƙwabcinmu, wanda ya aro shi don nasu bikin, kuma iyaye 3 sun riga sun turo a zana musu awon a takarda. Faifan ne kaɗai Hajiya ta ce a cire masa fatar a mayar mata, saboda da shi take rufe fura.

Wassalam.

Naku,
Wani mahaifi mai karanta jaridarku,
daga birnin Kano.